Ummi, Kada Ku Nemi Inda Babu Kowa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Ummina, amaryar jibi.

Ina gaishe ki da gajiyar biki, ina gaishe da hannayen nan naki da suka sha lalle tun safe har ba kya iya riƙe cokali. Allah Ya kai mu Asabar lafiya, Ya sa a ɗaura a sa'a. Allah Ya tsare ku a sama, Ya tsare ku a ƙasa, Ya tsare ku a ruwa, Ya dawo mini da ku da ƙafafunku.

A cikin mota nake rubuta miki wannan takarda, kada ki yi mini dariya. Gidan ya cika maƙil. Anti Rabi ta kafa kasko a bayan gida tana tuyar cincin, gwaggwanninki da suka zo daga Zariya sun mamaye ɗakina har kan gado, duk inda na ajiye biro sai na neme shi na rasa. Sai na ce zan je sayo albasa, na zo na faka a gefen shago na kunna esi. Nan ne kaɗai ba wanda zai leƙo ya ce Hajiya ina ludayi.

Ummi, murna nake yi, murnar da na rasa inda zan sa ta. 'Yata za ta yi aure, kuma ba wata uwa duniya za a kai ta ba, unguwar Summerfield ce nan kusa, in na taka mota kafin miya ta huce na iso. Sannan ranar Litinin ku hau jirgi zuwa tsibiri, kwana goma cur, abin da kuke kira hanimun. Mu a zamaninmu yawon amarcin daga ɗaki ne zuwa madafi. Ranar da kika nuna mini hoton wurin a wayarki, ruwa garau, yashi fari tas, bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo, sai da na sa kika turo mini na kai wa matan wurin aikinmu. Har tsofaffin da muke kula da su na bi ɗaki ɗaki na nuna wa. Wata tsohuwa ta ce a taimaka a sa ta a akwatinki.

Gobe gwaggwanninki za su zaunar da ke su yi miki faɗan haƙuri da girki da kama baki. Na bar musu wannan, sun fi ni iyawa. Ni maganar ruwa zan yi miki, ga kuma dalili.

Shekaranjiya da angon naki ya zo gaida Babanku, ina kicin ina jin su. Yaron nan mai natsuwa, Allah Ya yi masa albarka, cikin ladabi ya ce, "Baba, na riga na yi cekin a waya. Akwai wani gefe can nesa da otal, ba kowa sam. Can zan riƙa kai ta, ta sake ta yi wankanta ba idon kowa." Babanku tari kawai ya yi. Da yaron ya tafi sai ya leƙo kicin ya ce, "Hajiya, kin ji ko? Ke za ki faɗa mata ko ni?" Na ce ni zan faɗa, tunda ni na sha ruwan.

Tsorona ke nan, kuma shi ya zaunar da ni a motar nan. Kada ku je ku nemi bakin tekun da babu kowa. Mun taɓa nema, ni da Babanku, saura ƙiris ku tashi babu uwa.

Kin tuna tafiyar da muka yi kina shekara goma sha biyu, muka bar ku ke da yayanki a gidan Anti Rabi? Lokacin muka cika shekara ashirin da aure, Babanku ya samu hutu, wata rana ya shigo yana wani ɗaga kai ya ce in haɗa kaya, tsibiri zai kai ni. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba! Sati guda ina waƙa a kicin. Da na je sallama, Anti Rabi ta riƙe mini hannu. Kin san ita a zangon Akara ta tashi, can Gana, teku a bayan gidansu take. Ta ce, "Ei Hajiya, teku ba rafin Zariya ba ne o. In kin je ki duba inda 'yan gari ke kai 'ya'yansu, nan za ki shiga. Kar ki bi ido." Na ce to, irin to ɗin nan da ake ce wa mutum don ya sake ka. Ban ajiye ko kalma ɗaya ba.

Wautata ta fari, na yarda da hoto. Duk satin nan ina kallon takardar otal ɗin da na manna a jikin firji. Da muka isa, tun kafin in ga tekun hancina ya ba ni labari. Wata ciyawar ruwa ce mai ruwan ƙasa ta taru tsibi tsibi a gaban otal ɗin, tana ruɓewa a rana, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ƙananan ƙudaje suna tashi, ma'aikata suna ta kwasa da manjagara teku tana ƙara kawowa. Na tambayi matar da ke karɓar baƙi, ta yi murmushi ta ce gobe za ta wuce. Har muka baro tsibirin ba ta wuce ba. Sai daga baya na gane iska ce ke koro ta gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma tas yake, tafiyar 'yan mintuna a tasi.

Saboda haka kada ki tsaya a hoton da otal ya ɗauka wa kansa. Ke da waya ba ta barin hannunki, ki nemi hotunan da baƙi suka sa a satin nan. In kun isa kuma, tambayar gaskiya ba a teburin karɓar baƙi ake yin ta ba, su aikinsu ne su kwantar miki da hankali. Matar da za ta zo gyara muku ɗaki, ki gaishe ta da kyau kamar yadda na koya miki, ki yi mata alheri, ki ce, "Ke ina kike kai yaranki wanka ranar hutu?" Duk wurin da ta faɗa, shi ne.

Ban gaya miki yadda Babanku ya yi da ya ga mutanen bakin tekun ba. Wayyo! Kowa ya tuɓe ya kwanta ya shafe jiki da mai. Bawan Allah ya kafa ido a kan takalminsa yana ta istigfari, yana tafiya ba ya ganin gabansa, har ya yi karo da sandar lema, hularsa ta faɗi a kan ƙafar wata Baturiya. Ya tsaya yana shawarar ya ɗauka ko ya bar mata. Na yi dariya har da hawaye. Amma a zuciyata ni ma na riga na yanke cewa ba zan shiga ruwa a gaban wannan taro ba, kuma daga nan komai ya fara karkacewa.

Washegari aka wayi gari da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Wajen azahar ya ɗauke, gari ya yi wasai, muka fito muka bi gaɓa da ƙafa muna neman inda ba ido. Can bayan wasu duwatsu muka tarar da wani ɗan rafi yana gangarowa daga cikin gari yana shiga teku. Ruwan ja-ja, ga ɗumi, ba igiya ko ɗaya. Ummi, ina ganinsa raina ya yi fari, don irin ruwan da na sani ne, irin na bayan unguwarmu da damina, wanda muke tattare zane mu shiga muna yara. Shuɗin ruwan can baƙo ne a wurina, wannan kuwa ɗan gida. Na shiga har cinya, na zauna a ciki, na wanke fuska, har na kurkure baki. Na ji wani ɗan wari-wari, na ce ai haka teku take.

Washegari kafin la'asar cikina ya ɗauka. Yini na yi ina zarya tsakanin gado da banɗaki, idanuna suka yi jawur, wani ɗan ƙurji da ke ƙafata ya kumbura. Haka matar da ke gyara mana ɗaki ta same ni, wata dattijuwa mai gilashi, in ba ta yi magana ba sai ki rantse 'yar garinmu ce. Da na kwatanta mata inda na shiga sai ta ɗora hannu a ka. Ta ce duk kwatocin garin da ke kan tudu nan suke zubowa in an yi ruwa, da na gidaje da na dabbobi. Ta ce su 'yan gari ko a wuri mai kyau ba sa shiga sai an kwana ɗaya ko biyu da ɗaukewar ruwan sama mai ƙarfi.

Ki riƙe wannan. In an yi ruwan sama, ku haƙura da teku, ku yi wankanku a kwamin ninƙaya na otal ko ku tafi kasuwa. Ki guji bakin rafi, ki guji inda kika ga bututu ko kwata ta nufo gaɓa, ki guji inda jiragen ruwa suke fakawa, don mai da datti a nan suke kwanciya. Ki shiga ki tsaya, ruwa a gwiwa, ki dubi ƙasa. In ba kya ganin lallen ƙafarki, ki fito. Ki yarda da hancinki, ya fi ni hankali ranar. Kuma in kina da ciwo a buɗe, ko yankan wuƙa ne, ki bari ya kame tukuna.

Ita dattijuwar nan ba ta bar mu haka ba. Ta rubuta mana sunan wani bakin teku a takarda, ta ce can jikokinta suke wanka, akwai masu ceto, akwai tutoci. Rana ta huɗu da na samu ƙarfi muka ɗauki tasi muka tafi. Muka isa, muka tarar da wurin cike da jama'a, yara suna ihu, ana gasa kifi, ana kiɗa. Ko fitowa daga motar ba mu yi ba. Shekaru ina ɗora wa Babanku laifin abin da ya biyo baya, in muka yi faɗa sai in jawo shi. Yau zan faɗi gaskiya, ni na fara magana. Ni na ce, "Alhaji, nan ai kasuwa ce. Ka ce ya kai mu gaba."

Direban, wani magidanci mai furfura a gemu, ya yi ta tafiya da mu har kwalta ta ƙare. Muka hango wani wuri, Ummi, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Yashi shimfiɗe har iya ganinki, ko sawun ƙafa babu. Na ce a tsaya. Mutumin nan ya juyo ya gaya mana ɓaro-ɓaro, ba wai ba mu fahimta ba. Ya ce ruwan nan yana jan mutane, ko 'ya'yan masunta ba sa wanka a nan. Babanku ya ce, "Kar ka damu, iya gwiwa kawai za ta tsaya." Ya ƙara da cewa shi ma ai ya iya ruwa. Iya ruwan nasa kuwa na kududdufin bayan makarantarsu ne, shekara arba'in da suka wuce. Muka ce wa direban ya tafi ya dawo bayan awa biyu.

Bari in gaya miki shigar da na yi. Doguwar abaya baƙa, a ƙasanta zane da siket, a sama hijabi har gwiwa. Wurin da ba kowa, amma na rufu kamar mai zuwa Idi. Na tsaya ina duban ruwan. Dama da hagu igiyoyi suna tashi suna fashewa da kumfa, a tsakiya kuwa akwai wani wuri lumui, ruwan ya fi duhu, ba ya tashi. Na ce alhamdu lillahi, ga inda ya dace da ni. Na shiga nan.

Da farko daɗi. Sanyi ya ratsa ni, na yi ta dariya ina ɗaga wa Babanku hannu. Ruwa a gwiwa, sai na ƙara taku biyu, ya kai ƙugu. Sai na ji yashin da nake tsaye a kai yana zamewa daga ƙarƙashin ƙafata. Na juya zan koma, zanen ya naɗe mini ƙafafu, abayar ta sha ruwa ta yi nauyin buhu. Ban san lokacin da ƙasa ta ɓace ba. Ina ganin Babanku yana ƙanƙancewa. Na yi ta dukan ruwa ina son komawa ta inda na zo, ƙarfina yana ƙarewa, ko taku ɗaya ban ci ba. Sai wata igiya ta kifo hijabin a kan fuskata ya manne. Na ja numfashi, ƙyalle na ja da ruwan gishiri. Na yi salati a zuciya. Ku biyu na tuna, na tuna ban gama miki kitson da na fara ba ranar da za mu taho.

Ta cikin ƙugin ruwan na jiyo ana kiran "Dije! Dije!" Babanku ne. Mutumin da rabonsa da kiran sunana tun muna amarci, ya shigo har ƙirji da kaftaninsa yana ihu kamar zai tsage maƙogwaro. Da ya ƙara taku ɗaya da mu biyu za a nema.

Direban nan ne Allah Ya sa bai tafi ba. Hankalinsa bai kwanta da mu ba, sai ya faka a gindin bishiya yana kallo. Shi ya ruga bayan duwatsu inda masunta ke gyaran taru, biyu suka turo kwale-kwale mai inji. Na ji an damƙi wuyan abayata, an fizge hijabin an jefar. Da na dawo hayyacina ina kwance a yashi ina aman ruwa, maza takwas tsaye a kaina, kaina a buɗe, kitsona a waje, abaya ta yage har kafaɗa. Ni da na baro wuri mai kyau don kada a ga hannuna. Na kai hannu ina laluben kaina, wani tsoho a cikinsu ya lura, ya cire tawul daga wuyansa ya rufa mini. Har yau ina sa shi a addu'a, ban ma san sunansa ba.

Shi tsohon ne ya tsuguna ya zana mana a yashi da yatsa. Ya ce duk ruwan da igiyoyi suka kawo gaɓa dole ya koma, sai ya haƙa wa kansa hanya ɗaya ya riƙa fita ta nan da gudu, kamar kwata. A kan hanyar nan igiya ba ta fashewa, shi ya sa take kama da wuri mai lafiya. Wato da idona na zaɓi bakin kwatar na shiga.

To Ummi, ki buɗe kunne. Kafin ki jiƙa ko yatsa, ku tsaya a tudu ku kalli ruwan na ɗan lokaci. In kin ga wani layi mai duhu tsakanin igiyoyi, kumfa ko ciyawa suna bin sa suna fita teku, ba nan ba. Ki nemi doguwar kujerar masu ceto, ki tabbatar da mutum a kanta, ba kujera kawai ba. Ki je ki gaishe shi, ki tambaye shi yau ina ne lafiya, kuma tutocin me suke nufi, don kowane wuri da tsarinsa. In ya ce yau ba a shiga, magana ta ƙare, ko da ranar ce ta ƙarshe. In kuma, Allah Ya kiyaye, kika ji ruwa yana jan ki, kada ki yi kokawa da shi kamar yadda na yi. Ki kwanta rigingine, ki ɗaga hannu, ki yi ihu da duk muryar da Allah Ya ba ki, ba kunya a nan. Jan ba ya dawwama, in ya sassauta ki bi ta gefe, kada ki nufi gaɓa kai tsaye. Angon naki kuma ki gaya masa, in ya ga haka mai ceto zai kira, ba faɗawa zai yi ba.

Ba cewa nake ki yar da kunyarki ba. Ni na ba ki ita, kuma ina alfahari da ita. Dabara za ku yi. Ku tambayi lokacin da masu ceto suke hawa aiki da safe, ku riga kowa zuwa, lokacin 'yan shan rana suna barci. Ku zaɓi can ƙarshen inda aka kafa tuta, amma a ciki, inda mai kujera zai gan ki. Sannan ki duba ƙasan shuɗin akwatinki, ƙarƙashin lesuka. Na saya miki rigar wanka ta Musulmi, mai wando da doguwar riga da hula, yadin ba ya riƙe ruwa. Ruwan lemo ce mai ɗaukar ido. Anti Rabi ta ce za ki yi kama da masu gyaran titi, na ce haka nake so, a hango 'yata tun daga nesa. Akwai takalmin roba a gefe, saboda wata halitta mai ƙaya da ke maƙalewa a duwatsu. Kada in ji kin ɗora zane ko mayafi a kai kin shiga. In za ku hau kwale-kwale kallon kifi, ki ɗaura rigar nan mai hana nitsewa da suke bayarwa, ko ta ɓata miki hoto.

Ranar da za mu taho na ce wa Babanku ya mai da ni bakin tekun da dattijuwar nan ta rubuta mana, wanda na kira kasuwa. Muka zauna a inuwa. Ummi, zo ki ga ruwa! Tun daga inda nake zaune ina hango yashin ƙasansa. Tsofaffin mata sun shiga da rigunansu suna hira ruwa a ƙirji, jarirai suna fantsama a gaɓa, masu ceto biyu a sama suna ta waige. Can sai ga wata mata ta fito daga ruwa, a rufe ruf tun daga kai har idon sawu, tana jan yaranta biyu. Na zuba ido in ga wa zai kalle ta. Wallahi babu. Kowa ta kansa yake. Haushi ya kama ni har na yi ƙwalla. Na tashi na je na tsoma ƙafafuna, wasu 'yan kifaye masu ratsin rawaya suka zo suna zagaya yatsuna. Duk da abin da ya same ni ranar nan, sai na ji ina dariya. Wannan daɗin nake so ki sha, ki sha nawa ki sha naki.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin, ita ce kuma ta sa na kasa yi miki wannan bayani baki da baki.

Da muka dawo na ce muku mura ce ta kama ni. Anti Rabi kaɗai na gaya wa, ta yi mini tas, ta ce, "Kin yi wasa da rai paa, Hajiya." Lokacin kina zuwa koyon ninƙaya duk Asabar a kwamin unguwarmu. Kina son abin nan kamar me. Malamar taku ta tare ni ta ce wata mai zuwa za ta mai da ke ajin masu shiga wuri mai zurfi. Ina jin kalmar zurfi sai tekun nan ta faɗo mini a rai. Asabar ɗin da ta biyo na ce kin daina zuwa. Kika tambaye ni dalili, na ce, "Kin fara girma, bai dace 'yar Musulmi tana shiga ruwa a gaban mutane ba." Kika ce mini da Turanci ai akwai 'yan mata masu sa dogon wando da hula, ke ma za ki sa. Na daka miki tsawa. Kika yi kuka tun daga mota har gida, tabaran ruwanki ya shekara rataye a ƙofar ɗakinki kafin ki cire. Babanku ya same ni ya ce, "Hajiya, wannan ba addini ba ne, tsoro ne." Kwana biyu ban yi masa magana ba, don na san gaskiya ya faɗa.

Ƙarya na yi miki, Ummi. Na fake da addini na rufe tsorona, na sa kika ɗauka Allah ne Ya hana ki abin da uwarki ce ta hana. Na ɗauka nesanta ki da ruwa shi ne tsare ki. Ga shi yanzu za ki tafi gaban teku da rabin iyawa, wadda kika baro tun kina yarinya, kuma ni na jawo. Shi ya sa nake roƙon ki, ranar farko ki nemi mai koyarwa mace a kwamin otal ta tuna miki, a teku kuma kada ki wuce ƙugu sai mai ceto yana kallon ki. Ki karanta wa angon naki takardar nan tun daga farko har ƙarshe. Ki ce masa na gode da kishin da yake yi miki, irin na Babanku ne, amma in yana son ya tsare mini ke, ya tsaya kusa da kujerar masu ceto da tawul a hannu.

Ki yafe mini shekara goma sha ukun nan. Ki yafe mini tsawar da na yi miki a mota. Abin da na hana ki ranar, yau da bakina nake ce miki ki je ki yi. Ki shiga ruwan, 'yata, a cikin mutane, da rana tsaka, ki yi ninƙayarki. In kin fito, tun jikinki bai bushe ba ki kira ni ki ce, "Mama, na shiga." Zan bar wayar a aljihuna ko a wurin aiki ne.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sanya alheri a gidanki, Ya haɗa kanku. Allah Ya kai jirginku lafiya, Ya sauke ku lafiya, Ya haɗa ku da mutanen kirki irin waɗanda Ya haɗa ni da su. Na damƙa ki a hannun Wanda Ya fito da ni daga ruwan nan, Ya shigar da ke lafiya, Ya fito da ke lafiya. Ki gaida mini angon naki, Babanku ma yana sa albarka.

Wassalamu alaikum.

Mamanki.